Ɗauko Goggo da Karsanarta

Sai da na isa rugar su Goggo, can arewa da Dungas a ƙasar Nijar, sannan na gane ba ita kaɗai zan ɗauko ba.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana kwance a ƙauyenmu tsakanin Jahun da Kafin Hausa. Asibiti a Dutse sun sallame shi, sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Abu ɗaya ya roƙa, a kawo masa ƙanwarsa da aure ya kai ƙetaren iyaka tun ba a haife ni ba. Ni ne mai mota a gidanmu, in har za a kira wannan abin mota. Tsohuwar a-kori-kura ce da na saya a hannun wani mai dakon bulo, ina ajiye ta a ƙofar gidan da nake haya a Takur, ranar da babu ofis in ɗan yi dakon siminti da ita in rage zafi. Don haka babban wanmu, Yaya Sale, bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Buba, kai za ka je."

Goggo 'yar siririyar tsohuwa ce, ga hanci irin na Baffa sak. Da muka gama gaisawa ta ce, "Hamma yana magana?" Haka take kiran yayanta.

Na ce, "Yana yi, Goggo, amma a hankali. Gara mu kama hanya yanzu."

Ta tashi ta zagaya bayan bukka. Ina jira ta fito da ƙunshin kaya, sai ga ta tana janye da wata jar karsana mai farin goshi.

Na ce, "Goggo, wannan fa?"

"Tare za mu."

Nan ta ba ni labarin da rabinsa kawai na sani. Shanun gidanmu a hannun Baffa suka ƙare, wasu ciwo ya kwashe, wasu aka sayar a shekarun yunwa, har ya koma manomi zalla. Amma ranar da aka kai Goggo gidan miji, mahaifiyarsu ta ba ta saniya guda, kuma jinin wannan saniyar bai yanke ba. Ta ce, "Har yau abin nan yana cin ransa, ko bai faɗa muku ba. Zai ɗora hannunsa a kan wannan kafin ya tafi, ya san shanun uwarmu suna nan."

Na ce, "To in ɗauke ta hoto a waya mana, in nuna masa."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Hoton zai shafa?"

'Ya'yanta maza suka ciccibi karsanar suka ɗora a baya, aka ɗaure ta da igiya, Goggo ta shiga gaba da ƙwaryarta a cinya.

Daga rugar zuwa hanyar burji yashi ne mai haɗiye taya. Ni kuwa tuƙin cikin Dutse na iya, inda mutum ke ɗora ƙafa a kan kuloci yana lallaɓawa a bayan masu adaidaita. Haka na yi a yashin, na danne kuloci rabi, na bai wa totur wuta, motar tana gurnani tana jan ciki. Can sai wani ƙauri ya cika mana hanci. Goggo ta ce, "Wa ke babbaka a nan?" Na ce mata ba komai, halin motar ne. Kafin mu hau burji, lamba biyu sai na dage da ƙarfi take shiga, ribas kuwa in na taɓa shi sai ka ji ƙarrr har cikin haƙora.

A wani ɗan gari muka sami bakanike a ƙarƙashin rumfar kara. Mutum mai fara'a, yana ta kirana mushe, wato malam da Faransanci. Shi kuloci ma ba haka yake kiransa ba, ambiriyaji yake cewa. Ya ɗaga bonet, ya buɗe 'yar tukunyar man kuloci, ya ce man ya yi ƙasa. Ya shiga rumfa ya fito da wani jan mai a gorar ruwa.

Na ce, "Malam, wannan man birki ne kuwa, irin wanda ake zuba wa kuloci? Ban gan shi a kwalbarsa ba."

Ya dafa ƙirji. "Mushe, na Faransa ne. Ku can ba ku ma samun irinsa."

Na sunsuna. Wallahi ban san me nake sunsunawa ba, don dai kada a ce ban duba ba ne. Ya zuba, ya shiga ya yi ta danna kulocin har ya yi tauri, giya ta shiga sumul. Na sallame shi, har da yi wa iyayensa addu'a. Kai, ni dai!

A garin ne kewar gida ta fara kama ni. Hausa ake yi, amma ba tawa ba, in na yi magana sai a ce in maimaita. Babu wanda ya san ɗan wane ne ni. Na tuna mai shayin bakin layinmu a Takur, wanda kullum nake ƙorafin ya cika sukari, na ji da zan gan shi a lokacin da na rungume shi. Har duwatsun Dutse, da nake wucewa kullum ban taɓa ɗaga kai na kalla ba, sai da suka faɗo mini a rai.

Gab da la'asar na taka kuloci zan sauya giya, sai ƙafata ta tafi har ƙasa, ba ta dawo da komai ba. Na sa yatsun ƙafa na ɗago shi, na sake takawa, ya sake lafewa. Muka tsaya a tsakiyar fili, ba gida gaba ba gida baya, sai wata rijiya can nesa da mata a bakinta. Ga zafin bazara, ƙarfen motar ba ya taɓuwa.

Na hau wata jigawa ina ɗaga waya sama, har Allah ya sa layin gida ya ɗan kama. Na kira Malam Iro, bakanikena na Dutse.

Ya ce, "Kashe injin. Sa giya. Ta shiga?"

Na gangaro a guje na gwada, na sake hawa ina haki. "Ta shiga, duka sun shiga."

"To tayar da ita ka gwada."

Na sake gangarawa, na sake hawa. "Ta ƙi. Ko lamba ɗaya."

"To ba giyar ba ce, kuloci ne ba ya saki. Buɗe tukunyar man ka duba robar murfin."

Na duba. Robar ta kumbura ta yi laushi kamar gurasar da aka jiƙa. Da na faɗa masa abin da aka zuba mini sai ya yi salati. Ya ce, "Sun haɗa maka da man inji, Buba. Ya cinye robobin sama da na ƙasa. Kuma wannan ƙaurin da ka ji a yashi bai kwanta mini ba, wataƙila ka ƙona farantin ma. Daga nan ba zan iya sani ba."

Na ce, "Malam Iro, Baffa fa yana jira."

Sannan ya ce akwai yadda direbobin da suke yi, amma ba daɗi. A kashe inji, a sa lamba ɗaya, a murɗa makulli motar ta tashi da giyarta a ciki. In za a sauya, a ɗaga ƙafa daga totur, a zare zuwa firi, a saurari injin, a tura a hankali. Ya ce, "Da kunne ake yi. Kuma in ta tafi, kada ka tsaya."

Gwajin farko motar ta yi wani tsalle, karsanar ta zube a kan gwiwoyinta a baya. Goggo ta ƙwalla ƙara da Fillanci, abin da ta faɗa ban ji duka ba, amma na san ba albarka ba ce. Muka duba, gwiwar gaba ta daku, ta fara kumburi. Goggo ta yage bakin zanenta ta ɗaure mata, ba ta ko kalle ni ba.

Wai da kunne ake yi. Ni kunnena bai ji komai ba sai ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe. In na dace sau ɗaya, sai in kuskure sau uku. Na zagi motar nan, na zagi mai bulon da ya sayar mini, na zagi mushe da man Faransarsa. Kuma wai kada in tsaya! Jakuna su tare hanya, jandarma ya ɗaga hannu, Goggo ta ce a tsaya a ba karsana ruwa. Kowace tsayawa sai an tashe ta da makulli, batir yana ta raguwa, har ya zama in na murɗa sai dai in ji ƙyas.

Daga nan muka koma bara ta turi. Inda na fi jin kunya shi ne wani ƙauye da babu namiji ko ɗaya a bakin hanya, duk sun tafi kasuwa. Wasu mata masu ɗaukar itace suka sauke kayansu, suka tambayi Goggo ina za mu. Da ta faɗa musu sai babbarsu ta ɗaure zane ta ce, "Ku zo mu kai baiwar Allah wurin ɗan'uwanta." Suka tura suna dariya suna yi mini tsiya, wai ƙato da mota mata ke tura shi. Da injin ya kama ban isa in tsaya in gode ba. A madubi na ga ɗaya tana bin mu a guje da ƙullin fura, ta jefa shi bayan motar. Ban san sunan garin ba har yau.

A bakin iyaka muka kwana, takardun dabba suka ci mana safiya. Muna shiga Maigatari na kira Yaya Sale. Ya ce, "Kuna ina ne haka? Tun asuba yake tambaya. Ɗazu ma cewa ya yi wai ya ji muryarta a zaure." Na ce ya kara masa wayar a kunne, na miƙa wa Goggo. Ta riƙe ta da hannu biyu tana cewa, "Hamma, ni ce. Ga ni nan tafe, na zo maka da abu." Ta yi ta maimaitawa. Daga can ba abin da ke fitowa sai numfashi. Yaya Sale ya karɓa ya ce kunnen ba ya ɗaukar waya, mu dai yi sauri.

A Gumel aka wanke bututun, aka sa sababbin robobi da man kirki. Kuloci ya dawo, amma giya tana shiga tana cijewa, kuma in na ba ta wuta injin ya fi motar sauri. Bakaniken ya ce, "Lallaɓa ta, za ta kai ka." Na ji a jikina ba za ta kai ba. Na durƙusa a gaban Goggo a bakin garejin, mutane suna kallo.

Na ce, "Goggo, don girman Allah ki hau bas ki yi gaba. Kafin la'asar kina gida. Ni zan taho da karsanar."

Ta ce, "In shiga masa hannu biyu? Ya ce ina abin da na ce na kawo, in ce yana hanya?"

"Ke yake son gani, ba saniya ba."

"Kai yaro ne, ba ka san Hamma ba."

Na so in ɗaga murya, na tuna ƙanwar ubana ce. Na haɗiye, muka shiga mota.

Saura kaɗan mu shiga Gujungu, a wani tudun rage gudu, na nemi lamba biyu. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafata, sai shuuu. Na taka totur, injin ya yi ihu, motar ko motsi. Na sauya giya, duka suna shiga, babu wadda ke ja. Na kifa kaina a kan sitiyari.

Wani manomi mai amalanke ne ya ɗaura mu a bayan bijimansa ya ja mu har cikin gari. Shanu biyu suna jan mota, mota tana ɗauke da saniya, mutanen bakin titi suna nuna mu. Da muka isa ya ƙi karɓar komai, ya ce a gaishe da mai jiki.

Bakaniken Gujungu, Malam Haladu, ya ce babu makawa sai an sauke giyabos. Aka ɗaga motar, aka sauke karsanar aka ɗaure a gindin darbejiya, Goggo ta shimfiɗa zane kusa da ita. Da giyabos ya sauko ƙasa sai ya nuna mini farantin kuloci. Ya cinye har ƙusoshin sun fito, boris ɗin kuma ya watse. Babu irinsa a garin. Na kira Malam Iro, ya saya a Dutse ya ba wani direban bas. Da yamma kayan suka iso. Malam Haladu ya gwada, ya juya, ya sake gwadawa, sannan ya kalle ni.

"Haƙoran ba su zo ɗaya ba. Wannan giyabos ɗin ba na motar nan ba ne, an taɓa sauya mata da na wata."

Tirƙashi. Wato tun ranar da na saye ta nake yawo da abin da ban sani ba. Sai dai a aika tsohon farantin Dutse a nemo daidai shi, kuma kafin ya isa an rufe shaguna.

Na shiga gari neman wata motar da za ta kwashe mu. Kasuwa ta watse tun jiya, duk masu a-kori-kura sun bi kaya. Wanda na samu ya ce yana zuwa yanzun nan, bari ya sauke buhuna, ban sake ganin ƙeyarsa ba. A ƙafa kuma karsanar ba za ta iya ba, tana ɗingishi. Muka sake kwana, gida yana nan kusa, tafiyar da lafiyayyar mota ba za ta ɗauka a bakin komai ba. Da safe na sami wani direban ya yi mini rantsuwa zai zo bayan azahar. Malam Haladu kuma ya ce farantin yana hanya, da ya iso aikin ba zai daɗe ba. Kowa yana ce mini saura kaɗan.

Ana kiran azahar wayata ta yi ƙara. Yaya Sale ne. Na ji ya yi sallama cikakkiya, shi da ba ya yi mini. Na zagaya bayan garejin.

Ya ce, "Buba, sai haƙuri. Baffa ya cika."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na ce, "Yaya, ku jira mu. Don Allah ku jira mu. Ga mu nan a Gujungu."

"Na faɗa wa liman. Sun ce zafin ya yi yawa, ba a ajiye shi. Da an yi sallah za a kai shi." Ya ƙara da cewa, "Kuma kada ka faɗa wa Goggo a hanya. Tsohuwa ce, ba a yi mata haka a bakin titi. In ta tambaya ka ce jikin ya tsananta. Sai ta shigo cikin mata."

Daga inda nake ina hango giyabos ɗina a ƙasa a kan kwali, ƙudaje suna bin mansa. A can ana wanke ubana. Ban taɓa jin na zama ba kowa ba kamar wannan lokacin. Na yi kukana a bayan garejin, na wanke fuska da ruwan buta, na yi alwala don a ce ita ce ta jiƙa ni.

Goggo ta ce, "Wa ya kira?"

Na ce, "Yaya Sale ne. Ya ce jikin ya ɗan tsananta."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da cire wa karsanar kaska a kunne.

Farantin ya iso, ya zauna daram. Direban da ya yi rantsuwa shi ma ya zo, a kan lokaci kuwa, na ba shi haƙuri na ce ya tafi. Bayan la'asar aka ɗaure komai, aka ɗora karsanar. Na taka kuloci, na sa lamba ɗaya, ta shiga ba ko ƙara. Lamba biyu, lamba uku, da yatsa biyu ma sai su shiga. Tun da na sayi motar nan ba ta taɓa tafiya mai daɗi irin ta wannan yammacin ba, kuma ban taɓa tsanarta kamar lokacin ba.

Muka wuce Jahun. Gonaki a share ana jiran ruwa, ga dabinai jefi-jefi. Goggo tana kallon waje, wani lokaci ta ambaci sunan wani ƙauye, ta ce a da nan duk burtali ne. Ni dai ina amsawa da to.

Da muka sauka daga kwalta muka kama hanyar ƙauyenmu sai ta ce, "Tsaya."

Na tsaya. Yanzu ai ina iya tsayawa duk inda aka ce.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "An riga an kai shi?"

Na ce, "Goggo, wa ya faɗa miki?"

"Tun daga ruga kake zagin motar nan. Daga azahar zuwa yanzu ban ji ka zage ta ba."

Na ce, "An kai shi, Goggo."

Ta yi salati a hankali, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Sannan ta ce in ja mu je.

A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, maza sun cika wurin. Mata suka fito suka kama Goggo suka shige da ita, ina jin kukan ya tashi daga ciki. Yaya Sale ya taso ya riƙe hannuna, sai idonsa ya kai bayan motar. Ya ce, "Wannan kuma ta wace ce?"

Na ce, "Ta Baffa ce."

Aka taimaka mini muka sauke ta. Ta tsaya da ƙafa uku tana sunsunar ƙasa. Mutane suna ta zuwa yi mini gaisuwa, ina amsawa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da igiyar, don ban san wanda zan miƙa wa ba.